Kafaɗar Sagiru

Bukari yana ɗakin baya na shagon Ammu Sulaiman, a wani lungu na Wustul Balad, tsakiyar birnin Alƙahira, yana goge cikin wata bindigar harbin tsuntsaye da tsumma da mai, sai Sagiru ya faɗo yana kaɗa makullin mota a yatsa.

"Sarkin Baka, ajiye tsumman nan ka taya ni murna. Rasha za ni."

"Kai da wa?"

"Ni da Shaikh Hamad mana. Wani wuri can ƙarshen duniya, Kamcatka ake ce masa. Farautar ragon dutse. Ya ce mutum ɗaya zai ɗauka, wanda zai yi masa yanka, ya ja masa salla, ya riƙe bindiga ta biyu."

Bukari bai ɗago ba. Ya san Kamcatka. Ya san ta fiye da yadda ya san lungunan unguwar Arba wa Nus, inda shi da Sagiru suke haya ɗaki ɗaya shekara huɗu ke nan. Mahaifinsa maharbi ne a dajin Kuyambana, a ƙasar Zazzau. Shi kuwa karatu ya kawo shi Alƙahira, karatun ya ƙi, ya ƙare a wannan shago yana gyaran bindigogin masu lasisi. A saman wani kabad ya tarar da tulin tsofaffin mujallun farauta na Turanci. Da ƙamus ya bi su, shafi bayan shafi, shekara goma sha biyu, har ya zama in ka ambaci dabba zai gaya maka inda zuciyarta take da irin harsashin da ke kai wa gare ta. Beyar kuwa, ƙatuwar dabbar nan mai gashi da farata, ɗaya ya taɓa gani da idonsa, wata tsohuwa a gidan namun daji na Giza, tana kwance tana kallon bango.

Shaikh Hamad kuwa ɗan kasuwa ne daga ƙasashen Larabawa na Gulf, yana zaune a unguwar Zamalek, kuma a wannan shago ake kula masa da bindigoginsa. Shekara uku da suka wuce ya nemi Bukari ya samo masa direba mai amana. Bukari ne ya kama hannun Sagiru ya kai shi.

"Akwai beyar a can," in ji Bukari. "Manya."

"Shi ya sa na zo. Ya ce gobe ka je Zamalek ka zaɓa min bindiga da harsashi. Ya ce duk Alƙahira babu wanda ya kai ka sanin wannan harka."

"Amma kai za a ɗauka."

"To Bazazzagi, wa zai zauna mako uku cikin tanti da mutumin da ba ya dariya?"

Sagiru ya yi dariyarsa shi kaɗai, ya ɗauki shayin Bukari ya shanye, ya fita. Bukari ya ci gaba da zura tsumma cikin bututun da tuni ya yi fes.

Washegari bayan la'asar Hamad ya buɗe musu kabad ɗin ƙarfe a falonsa, ya jera bindigogi uku a kan tebur. Sagiru ne ya kawo gahawa, ya san inda kofuna suke, ya san ma wanda Hamad ya fi so. Bukari ya lura da wannan.

"Yalla ya usta, yi mana karatu," in ji Hamad, yana kiran Bukari da laƙabin gwanayen sana'ar hannu.

Bukari ya ɗauki ta farko, siririya mai lamba 270. Ya ce wannan ta rago ce, harsashinta mai sauri ne, mai nisa, amma ba shi da nauyi. In ya daki kafaɗar beyar zai tarwatse a cikin kitse, ya bar ta da ciwo da fushi. Ya ajiye ta gefe. Ya ɗauki ta tsakiya, ƙirar Jamus, wadda ake kira tara da uku. Ya ce harsashinta giram goma sha takwas da rabi ne, in an samu irin wanda aka haɗe dalmarsa da rigarsa ta jan ƙarfe ba ya rabuwa, yana karya ƙashi ya wuce ciki. Sai ya ɗora hannunsa a kan ta uku, mai kauri, mai lamba 416, wadda aka ƙera don giwa da ɓauna.

"Wannan fa?" in ji Hamad.

"Giram ashirin da shida. Beyar in ta taso, taku talatin ba ya ɗaukarta daƙiƙa uku. Harbi ɗaya mutum zai samu, in ya yi sa'a biyu. A cikin ukun nan babu wadda ta kai wannan tsayar da ita."

"Khalas, an gama, ita ce ta Sagiru." Hamad ya buga tebur. "Jagoranmu na can ya aiko cewa mai bindiga ta biyu sai ya iya sa harsashi uku cikin faranti daga taku talatin, a tsaye, da sauri. Ranar Asabar za mu gwada. In Sagiru ya kasa, to sai in haƙura da dariya in tafi da kai, ya Bukari."

Da wasa ya faɗa. Sagiru ma da wasa ya ji. Bukari ne kaɗai bai ji da wasa ba.

A cikin jirgin ƙasa na metro ya bi maganganunsa ɗaya bayan ɗaya, kamar mai tsince tsakuwa daga shinkafa, bai samu ko ɗaya da ba gaskiya ba. An tambaye shi wace bindiga ce ke tsayar da beyar, ya faɗa. Ba a tambaye shi ko Sagiru zai iya da ita ba. Sagiru, ɗan Kantin Kwari, wanda bai taɓa harba ko bindigar toka ba, wanda nauyinsa bai kai buhun gero ba. Bindigar nan tana shuri kamar jaki. Bukari ya sani, kuma ya san cewa ya sani a daidai lokacin da hannunsa ya tsallake ta tsakiya.

Ranar Talata Hamad ya ba su mota da takardun bindigogin, suka tafi filin harbi na wani kulob a bakin hamada, bayan birnin Sitta Oktoba. Bukari ya nuna masa tsayuwa, da yadda ake manna gindin bindiga a kafaɗa, da yadda ake jan kunama a hankali. Bai rage komai ba a koyarwar. Sagiru ya harba na farko, ya yi taga-taga da baya, hularsa ta faɗi.

"Innalillahi! Ni ta harba ko farantin?"

"Ka samu gefensa. Sake."

Na biyu ya tayar da ƙura a gaban farantin. Na uku ma haka. Na huɗu, ba a san yadda aka yi ba, ya shiga tsakiya, Sagiru ya yi ta tsalle yana cewa a ɗauke shi hoto a aika Kano.

Mahaifin Bukari yana da wata hanya ta gwada samarin da suka zo neman shiga farauta. Yakan juya baya ya ɗura musu bindiga, wani lokaci da albarushi, wani lokaci babu, ba tare da ya gaya musu ba. In mutum ya ja kunama bindiga ba ta tashi ba, a nan ake ganin abin da jikinsa yake yi wanda ƙara da hayaƙi suke ɓoyewa. Bukari ya zo da irin wannan a aljihu, kwanso mai kan harsashi amma ba albarushi, ya haɗa shi da hannunsa a shago. Ya karɓi bindigar kamar zai duba ta, ya zura shi, ya miƙa, ya koma gefe inda zai ga fuskar Sagiru.

Sagiru ya yi saiti. Kafin kunama ta kai ƙarshe ya runtse ido duka biyu, ya ɗage kafaɗa, bakin bindiga ya yi ƙasa kusan taƙi guda. Sai ƙas, ba ta tashi ba.

"Kai, wannan ya ƙi tashi!"

Bukari ya buɗe bindigar, ya cafe kwanson kafin ya kai ƙasa, ya jefa aljihu.

"Yakan faru," in ji shi.

Wannan kam ƙarya ce, kuma ya ji ɗanɗanonta daban da na maganganun Zamalek.

Da magariba suka yi salla a ƙaramin masallacin layinsu, kafaɗa da kafaɗa. Da liman ya yi kabbara, Bukari ya ga hannun Sagiru na dama ya kasa kai wa kunne, ya tsaya a ƙirji. A ɗaki Sagiru ya cire riga ya nuna masa wurin, ya yi baƙi ya kumbura.

"Ka ga tambarin maharba. Yanzu ni ma na zama ɗan gidanku, ko sai na sha wani jiƙo?"

Bukari ya dafa masa ruwan zafi, ya gasa masa wurin da tawul. Yana gasawa yana tunanin tsaunukan da ya gani a hoto, da ƙanƙara a kansu, da rafukan da kifi ke cika su har beyar ta tsaya a ciki tana kamawa da hannu. Sagiru zai je ya gan su ya dawo ya ce akwai sanyi. Iyakar abin da zai ce ke nan.

Bukari ya gina wa kansa hujja mai kyau. In Sagiru ya faɗi gwaji, ba wanda ya cutu. Zai zauna a Alƙahira lafiya lau yana tuƙi, Hamad zai samu mai tsaron baya na gaske, shi kuma Bukari zai ga abin da ya yi shekara goma sha biyu yana karantawa. Ta wace fuska wannan ya zama zalunci? Ya juya hujjar ta kowane gefe bai ga ɓaraka ba, sai dai duk lokacin da Sagiru ya ce masa "Sarkin Baka" sai ya kasa kallon idonsa.

Ranar Alhamis, shago ba kowa, ya tambayi Ammu Sulaiman, tsohon da ya gaji shagon daga mahaifinsa.

"Ya Ammu, in aka tambayi mutum wace bindiga ce ta fi kashe dabba kaza, ya faɗi gaskiya, akwai laifi a kansa?"

Tsohon ya dube shi ta saman tabarau.

"Ni bindiga nake sayarwa, ba fatawa ba. Ka tambayi 'yan uwanka masu rawani."

"Ra'ayinka kawai."

"Ra'ayina? Shekara arba'in ban taɓa miƙa wa mutum bindiga ban kalli kafaɗarsa ba. Wa ke saye?"

"Ba kowa. Tunani ne."

"To yi tunanin kana share kantan nan."

Ranar Asabar da hantsi suka kama hanya su uku, Sagiru na tuƙi, Hamad a gefensa, Bukari a baya tare da akwatunan bindigogi. Sun wuce dalar Giza ke nan Hamad ya juyo.

"Na gaya maka, ya usta? Bizar Sagiru ta fito jiya. Kwana tara ya rage."

"Gwajin fa?"

"Gwaji!" Hamad ya yi dariya. "Don in samu abin gaya wa jagoran ne. Ko ɗaya ya samu zan ce tamam, ya ci. Ai bindigar da ka zaɓa masa, ko gefen beyar ta taɓa an gama. Ba haka ka ce ba?"

Ba haka ya ce ba. Amma haka aka ji, kuma shi ya bari aka ji hakan. Harsashi ko na giwa ne, in ya shiga ƙasa a gaban beyar, ko ya daki ƙafarta, ba ya rage mata gudu. Bukari ya kalli ƙeyar Sagiru, da wuyansa siriri a cikin kwalar riga. Hujjar da ya yi kwana huɗu yana ginawa ta dogara ne a kan cewa Sagiru zai faɗi ya zauna gida. Yanzu Sagiru zai tafi ko ya faɗi ko bai faɗi ba, riƙe da bindigar da yake tsoro fiye da dabbar da bai taɓa gani ba.

Ya sa hannu a aljihu. Mataccen kwanson yana nan. Akwai sauran hanya ɗaya. In ya zura shi yau a gaban Hamad, Hamad zai ga mutumin da zai tsare masa baya yana harbi ido a rufe. Dariya ba za ta hana shi sake tunani ba, kuma kwana tara na iya isa a nemi wata biza. Ba ƙarya a ciki. Har ma ceton rai ne, in an so a kira shi haka. Bukari ya yi ta juya kwanson a yatsu har suka isa.

A filin, wayar Hamad ta yi ƙara, ya koma inuwar rumfa yana magana da ɗaga murya. Sagiru ya buɗe akwatin babbar bindiga. Bukari ya ga ya shafa kafaɗarsa kafin ya taɓa ta, bai ma san ya yi ba.

"Rufe wannan. Ɗauko ta tsakiyar."

"A'a. Ba babbar ka ce ba?"

"Na ce. Kana runtse ido kafin ta tashi."

"Ni? Wallahi idona biyu."

"Kana runtsewa, kuma bakinta yana yin ƙasa. Ɗauko tara da uku, Bakano, ba mu da lokaci."

Ya sa shi ya ja kunama sau goma ba harsashi, yana tsaye a gefensa yana cewa, "Kalli farantin. Kar ka jira ta. Kalli farantin." Sannan ya zura masa guda ɗaya. Sagiru ya runtse, harsashi ya yi ƙasa. Ya buɗe ido yana mamaki.

"Shi ke nan shurin nata?"

"Shi ke nan. Ba za ta cije ka ba. Sake."

Na biyu ya taɓa gefen farantin. Na uku ya shiga. Da Hamad ya gama waya ya iso, an riga an liƙa sabon faranti. Sagiru ya tsaya, ya harba, ya ja, ya harba, ya ja, ya harba. Biyu a ciki, ɗaya a bakin layi, amma a ciki.

"Masha Allah!" Hamad ya rungume shi, sannan ya ja baya ya kalli bindigar. "Wannan ba ita ba ce."

"Ba ita ba ce, ya Shaikh," in ji Bukari. "Babbar ta fi ƙarfin kafaɗarsa. Wannan zai samu da ita, kuma in ya samu ta isa. Zaɓin farko kuskurena ne."

"Kuma sai yau ka gane?" Hamad ya dube shi na ɗan lokaci. "Ni da na ce duk Alƙahira babu kamarka." Ya juya ya dafa Sagiru. "Ma'alish, ba komai. Ka ga wannan? Kwana biyu ya zama maharbi. Wasu kuwa sai karatu."

Bukari ya duƙa yana tsince kwansuna daga yashi.

Sun ajiye Hamad da motar a Zamalek, suka taka ta kan gada zuwa Wustul Balad. Rana ta yi sanyi, masu sayar da gasasshiyar masara sun fara kunna wuta. Da suka kai tsakiyar gadar, Sagiru ya tsaya.

"Yau ba ka gan ni na harba babbar ba. Yaushe ka ga ina runtse ido?"

Bukari ya ciro kwanson ya ɗora masa a tafin hannu.

"Wanda ya ƙi tashi. Ba albarushi a ciki. Ni na haɗa shi."

Sagiru ya juya shi, ya girgiza shi a kunne.

"Ranar Talata ke nan."

"E."

"Ka gasa min kafaɗa ranar Talata."

"E."

"Don in faɗi, kai ka tafi."

"E."

Wata ƙaramar bas ta wuce tana ta hon. Sagiru ya jingina da ƙarfen gadar yana kallon ruwa.

"Da yau bai ce biza ta fito ba fa? Da za ka bar ni da babbar?"

"Ban sani ba. Tun ɗazu nake tambayar kaina."

"Da ka ce min kana son tafiyar nan haka, da na yi masa magana."

"Da ka yi?"

Sagiru ya ɗan yi tunani.

"Da ban yi ba," in ji shi. "Ni ma ina so."

Ya mayar wa Bukari kwanson, suka ci gaba da tafiya, tazarar mutum ɗaya a tsakaninsu. A bakin matakalar metro Sagiru ya laluba aljihu ya ciro wata takarda da biro.

"Malam Bukari, rubuta min sunan harsashin da zan nema a can, da nauyinsa, da komai. Gobe zan biya shago in nuna wa Ammu Sulaiman ya duba min."

Bukari ya buɗe baki zai ce Ammu Sulaiman bai san komai game da beyar ba, cewa duk abin da tsohon ya sani a kan manyan bindigogi daga bakinsa ya ji. Sai ya rufe. Ya dafa takardar a bango ya rubuta da manyan baƙaƙe: tara da uku, giram goma sha takwas da rabi, mai haɗaɗɗiyar dalma. A ƙasa ya ƙara cewa kar ya yarda a musanya masa da mai sauƙin nauyi, ko da jagoran ne ya ce.

Sagiru ya karɓa ya karanta. Ya sake karantawa daga farko, a hankali, yana bin kowace kalma da yatsa, sannan ya ninke ya sa a aljihu ya fara sauka.